Tara Kan Sarki da Tsoffin Kuɗi: Asalin Al'adar, Daɗinta da Haɗurranta

A farkon shekarar 2023, lokacin da wa'adin daina karɓar tsoffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya ƙarato, miliyoyin 'yan Najeriya sun yi ta wuni a layin bankuna domin su rabu da abin da ke hannunsu kafin ya zama takardar tsire. A irin wannan lokaci akwai wasu 'yan tsiraru da lissafinsu ya sha bamban da na kowa. Burinsu shi ne su samu takarda guda daga kowane nau'i, wadda ba ta taɓa lanƙwasa ba, su sanya ta cikin kundi kusa da fam da sule da kwabo mai huji. A wurinsu ranar da kuɗi ya daina sayen gishiri ita ce ranar da yake fara wata sabuwar rayuwa.

Waɗannan su ne masu sha'awar tara kaya. Wani kan sarki yake tarawa, wani tsabar kuɗi, wani tsoffin jaridu ko kaset-kaset na mawaƙa. Wannan maƙala ta duba asalin al'adar, da dalilan da ke sa ta shiga ran mutum, da abin da ke ba tsohon abu daraja, da kuma tarkon 'yan damfara da iyakokin doka waɗanda duk mai son shiga harkar ya kamata ya sani.

Mene ne tara kaya?

Ba kowace ajiya ce ake kira tari ba. Mai shago da ya cika sito da buhunan sukari ajiya ya yi, domin gobe zai sayar. Mai tari kuwa yana bin sharuɗɗa uku. Na farko shi ne zaɓi: ya keɓe wa kansa fanni guda, misali kan sarkin Najeriya daga 1914 zuwa 1960, ya kau da kai daga sauran. Na biyu shi ne tsari: kowane abu yana da mazauninsa da bayaninsa, kuma mai shi ya san abin da ya samu da abin da ya rage masa. Na uku shi ne cire abin daga aikin da aka ƙirƙire shi dominsa. Kan sarkin da ke cikin kundi ba zai sake kai wasiƙa ba, sulen da ke cikin akwati ba zai sake zuwa kasuwa ba.

Hausawa ba baƙi ba ne ga wannan ɗabi'a. Jeren ɗakin amarya misali ne da kowa ya sani. Daga ƙorai da tasoshin tagulla, zuwa langa da fanteka da samira, zuwa tangaran na cikin kabad, an daɗe ana jera kwanukan da ba a cin abinci a cikinsu, ana goge su, ana ƙara musu sababbi, baƙi suna shigowa suna yabawa. Haka nan gidajen malamai sun gaji gafakoki cike da littattafan hannu, waɗanda ake lissafa su cikin dukiyar gida mafi daraja.

Tsohuwar al'ada ce

Marubucin tarihin Rumawa Suetonius ya ruwaito cewa Sarki Augustus yakan yi kyautar tsoffin kuɗaɗe da na ƙasashen waje a lokutan bukukuwa. A ƙarni na 14 mawaƙin Italiya Petrarch ya shahara da tara kuɗaɗen Rumawa, daga nan sarakuna da attajiran Turai suka ɗauka, har aka riƙa yi wa tara tsabar kuɗi laƙabi da sha'awar sarakuna.

Da yawa daga cikin manyan gidajen tarihin duniya daga tarin mutum guda suka tsiro. Likita Hans Sloane ya rasu a 1753 ya bar abubuwa kimanin 71,000, kuma da su aka kafa Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan. Wani ɓangare na dukiyar da ya sayi kayan da ita daga gonakin rake na Jamaika ya fito, inda bayi ke aiki. Tun daga tushe, ke nan, tambayar yadda aka samo abu tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da jin daɗin mallakarsa.

Yadda kan sarki ya zama abin tarawa

A watan Mayun 1840 Birtaniya ta fitar da kan sarki na farko a duniya, wanda ake kira Penny Black, bisa shawarar Rowland Hill. Yana ɗauke da hoton kan Sarauniya Victoria, kuma kuɗinsa kwabo ɗaya. Kafin wannan lokaci, galibi wanda aka aika wa wasiƙa ne ke biya, kuma farashin ya danganta da nisan tafiya. Sabon tsarin ya mayar da biyan kan mai aikawa, a farashi guda mai sauƙi. Da yake hoton kan mai mulki ne ke jikin takardar, da ta iso ƙasar Hausa sai aka raɗa mata suna kan sarki, sunan da ya bi ta har bayan an daina sanya hoton sarakunan Ingila.

Cikin shekara ashirin da fitowarsa mutane suka fara tara shi, ba da jimawa ba kuma aka fara buga kundaye da littattafan farashi. A 1874 aka kafa Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya a birnin Bern na Suwizalan, abin da ya sauƙaƙa zirga-zirgar wasiƙu tsakanin ƙasashe, ya kuma sa yaro a ƙauye ya iya riƙe ɗan yankin takarda da ya fito daga wata nahiya. Sarki George na Biyar na Ingila da Shugaba Franklin Roosevelt na Amurka suna cikin fitattun masu wannan sha'awa. A 1904, tun yana yarima, George ya biya fam 1,450 a kan kan sarki guda na tsibirin Mauritius da aka buga a 1847.

Kan sarkin Najeriya da Nijar

Wanda ya jera kan sarkin Najeriya bi da bi ya jera tarihin siyasar ƙasar. Legas ta samu nata a 1874. Yankin gaɓar teku da ake kira Oil Rivers ya samu nasa a 1892. Arewacin Najeriya ya fara da nasa a 1900, masu hoton Sarauniya Victoria, Kudu kuma a 1901. Bayan haɗe yankunan biyu a 1914 aka fitar da kan sarki mai sunan Najeriya kaɗai, da hoton Sarki George na Biyar. Wannan ya sa kan sarki mai sunan Arewacin Najeriya ya taƙaita ga shekara goma sha huɗu kacal. Mafi wuyar samu a cikinsu shi ne na fam 25 da aka fitar a 1904, wanda aka yi domin biyan kuɗin hukuma fiye da aika wasiƙa.

Masana harkar suna ba hatimin gidan waya muhimmanci kamar kan sarkin kansa. Ambulan mai hatimin Lokoja ko Zungeru na farkon ƙarni na 20 shaida ce ta zamanin da waɗannan garuruwa suke hedikwatar mulkin Arewa, kafin a koma Kaduna. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ɓangaren Biyafara ya buga kan sarkinsa da takardun kuɗinsa, waɗanda har yau ake nema a kasuwannin masu tari.

A Nijar, kan sarki na farko mai sunan ƙasar ya fito a 1921, lokacin da Faransawa suka buga sunan a kan waɗanda ake amfani da su a yankin tun da fari. Jerin da ya biyo baya daga 1926 yana ɗauke da hotunan rayuwar ƙasar, ciki har da masu jan ruwa a rijiya da ganuwar sojan Zinder, birnin Damagaram.

Daga wuri zuwa naira

Kafin zuwan Turawa, wuri ne kuɗin kasuwannin ƙasar Hausa. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa ana canza dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. Cikin dalolin da ke yawo a lokacin har da riyal mai hoton Maria Theresa ta Ostiriya, wanda fatake ke kawowa ta Sahara.

A 1907 aka fara buga tsabar kuɗi domin Najeriya da sauran yankunan Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila. Anini, wato kashi ɗaya cikin goma na kwabo, an fara yin sa ne da alminiyam, kuma yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe. Yana da huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta bai ɗaya domin Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Daga wannan zamani Hausa ta gaji jerin sunaye: anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, nai, sule, fataka da fam. Kuɗaɗen sun tafi, sunayen sun zauna. Har yau ana cewa soja mai anini biyu, ana cewa mutum ba shi da ko sisi, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta ɗauki sunanta daga farashinta.

Akwai wani abin sha'awa a kuɗaɗen 1936. Sarki Edward na Takwas ya yi murabus a watan Disambar wannan shekara kafin a fitar da kuɗi mai hotonsa a Ingila. Amma da yake kwabo da ɗari da aninin Afirka ta Yamma masu huji ne, ba su da wurin hoto, an riga an buga su da sunansa an watsa. Saboda haka kwabon da wata tsohuwa ta ɗaure a bakin zane a Katsina yana ɗauke da sunan sarkin da mutanen Landan ba su taɓa kashe kuɗinsa ba.

Babban Bankin Najeriya ya fara aiki a ranar 1 ga Yulin 1959, ya fitar da fam na Najeriya. An sauya takardun a 1965, aka sake sauya su a 1968 saboda yaƙi. Naira da kwabo sun maye gurbin fam da sule a ranar 1 ga Janairun 1973, a kan naira biyu kowane fam. A 1977 aka fitar da naira 20 mai hoton Janar Murtala Muhammed, ɗan Najeriya na farko da ya hau takardar kuɗin ƙasar, dalilin da ya sa Hausawa ke kiran naira ashirin Murtala. A 1984 aka sauya launukan takardun. Naira 50 ta zo a 1991, naira 100 a 1999, naira 200 mai hoton Sardauna a 2000, naira 500 a 2001, sai naira 1,000 a 2005. A 2007 aka cire rubutun ajami daga ƙananan takardu, aka kuma fitar da naira 20 ta leda mai hoton Ladi Kwali, maginiyar tukwane, a bayanta. Naira 100 ta tunawa da cikar ƙasar shekara ɗari, wadda ta fito a 2014, ita ma babu ajami a jikinta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye ya haifar da muhawara a lokacinsa, kuma mai kundi yana iya nuna shaidar kowanne a tafin hannunsa.

Me ke sa tari ya shiga rai?

Dalili na farko shi ne daɗin farauta. Mai tari yakan shafe watanni yana cigiyar abu guda, kuma galibinsu suna shaida cewa zumuɗin nema ya fi na mallaka ƙarfi. Binciken masana ƙwaƙwalwa ya dace da wannan, domin ya nuna cewa sinadarin dofamin yana motsawa sosai a lokacin tsammanin samun lada, musamman idan ba a da tabbacin zuwanta. Shi ya sa da zarar an cike gurbi guda, ido yakan koma kan na gaba.

Na biyu shi ne son cikawa. Jerin da ya rage saura ɗaya yana damun zuciya fiye da wanda ba a fara ba. Kamfanoni sun daɗe da gane wannan, shi ya sa suke fitar da katunan 'yan ƙwallo da kayan wasa jeri-jeri masu lamba.

Na uku shi ne tsari da natsuwa. Rayuwar yau da kullum cike take da abubuwan da suka fi ƙarfin mutum, daga tsadar kaya zuwa rashin tsaro. Kundi ƙaramar duniya ce wadda mai ita ke da cikakken iko da ita, yana jera ta yadda ya so, kuma gobe zai tarar da ita yadda ya bar ta.

Na huɗu shi ne tuna baya. Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma mai tari yakan tuna bara ne domin ya ƙara wa bana armashi. Sulen da ya yi kama da wanda mahaifi ke bayarwa ranar salla, ko ambulan mai rubutun hannun ɗan'uwan da ya tafi karatu, suna dawo da mutane da wuraren da ba za a sake gani ba. Masanin halayyar masu saye Russell Belk ya yi bayani a 1988 cewa mutane suna ɗaukar abin da suka mallaka tamkar wani ɓangare na kansu. Sigmund Freud, wanda ya shafe rayuwarsa yana nazarin zukatan wasu, shi kansa ya tara kayan tarihi sama da 2,000, waɗanda ke gidansa na Landan har yanzu.

Na biyar shi ne ilimi da zumunci. Wanda ya ɗauki harkar da gaske dole ya koyi tarihi da labarin ƙasa da dabarun ɗab'i. Sannan yana samun abokai waɗanda shekaru ko muƙami ba su raba su, domin ɗalibi yana iya riƙe abin da attajiri ke nema ruwa a jallo.

Me ke ba abu daraja?

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa tsufa shi ne tsada. An buga Penny Black sama da miliyan 68, saboda haka duk da kasancewarsa na farko a duniya, samunsa ba shi da wuya. Riyal ɗin Maria Theresa ma haka yake. Tun bayan rasuwarta a 1780 aka ci gaba da buga shi da wannan shekara a jikinsa, har ƙarni na 20 da bayansa. Wanda ya gaji irinsa kada ya ɗauka lalle ya shekara ɗari biyu da arba'in. Galibi darajarsa ba ta wuce ta azurfar jikinsa da yawa ba, wadda ta kai kimanin giram 23.

Abubuwa huɗu ne ke yanke farashi: ƙarancin abin, da lafiyarsa, da yawan masu nemansa, da sanin hannayen da ya bi. Kuskuren ɗab'i ma yakan ɗaga daraja. A 1918 Amurka ta buga kan sarkin santi 24 mai hoton jirgin sama, sai aka samu fallen guda mai ɗauke da ɗari wanda jirgin ya fito kai ƙasa. Mutumin da ya saya a kan dala 24 ya sayar a kan dala 15,000 cikin 'yan kwanaki. A 2023 an yi gwanjon ƙwaya ɗaya daga cikinsu a kan kimanin dala miliyan biyu.

Mafi shahara shi ne kan sarkin santi ɗaya na British Guiana, ƙasar Guyana ta yau, wanda aka buga a 1856, kuma guda ɗaya tak aka san ya rage. Wani yaro ɗan shekara 12 ne ya tsince shi cikin takardun danginsa a 1873, ya sayar a kan sule shida. A 2014 an saye shi a kan kusan dala miliyan 9.5. Da aka sake gwanjonsa a 2021, dala miliyan 8.3 ya kawo. Ko kan sarkin da ya fi kowanne suna a duniya ya jawo wa mai shi asarar fiye da dala miliyan guda.

Akwai kuma abin da masana tattalin arziki suka gano game da mai abu. A wani gwaji da Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler suka wallafa a 1990, an raba wa wasu ɗalibai kofunan shayi, sai aka ga farashin da suke nema kafin su rabu da su ya kai kusan ninki biyu na abin da waɗanda ba a ba su ba ke son biya. Mallaka kaɗai tana sa mutum ya ga abinsa ya fi ƙimarsa. Wannan rauni ne 'yan damfara ke shiga ta cikinsa.

Tarkon 'yan damfara

Salo na farko shi ne alkawarin riba. A watan Mayun 2006 'yan sandan Sifaniya suka rufe kamfanonin Afinsa da Fórum Filatélico, waɗanda suka karɓi kuɗin mutane sama da 300,000 da sunan zuba jari a kan sarki. An kumbura ƙimar kayan, kuma da kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko. Da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa tsofaffi ne da suka zuba kuɗin fanshonsu.

Salo na biyu shi ne tatsuniyar jan makyuri. A 2009 jita-jita ta bazu a Saudiyya cewa tsoffin kekunan ɗinki samfurin Singer suna ɗauke da wani sinadari mai tsadar gaske, har farashinsu ya yi tashin gwauron zabo. Babu wani sinadari irin wannan. Amma labarin yana sake ɓullowa a ƙasashe da dama da sabuwar riga, wani lokaci a kan tsohon dutsen guga, wani lokaci a kan agogon bango ko kwabo mai huji. Yadda ake ɗana tarkon iri ɗaya ne. Wani zai zo yana cigiyar abu da farashin da ya wuce hankali, wani kuma zai ɓullo yana da irinsa na sayarwa. Da zarar an saya domin a kai wa na farko, duka biyun sun yi layar zana. Ko kuma a nemi mai abu ya biya kuɗin gwaji ko na rajista kafin babban mai saye ya iso. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Salo na uku shi ne jabu. Ana zuba sababbin tsabar kuɗi a tsufar da su da sinadari, ana buga hatimin ƙarya a kan sarki. Ƙa'idar kare kai ita ce a duba littattafan farashi da aka sani kafin a saya, a gwada nauyi da faɗi, kuma a guji duk cinikin da ake gaggauta mutum a cikinsa.

Abin da doka ta ce

A Najeriya dokoki biyu ne suka fi shafar mai tari. Ta farko ita ce Dokar Babban Banki ta 2007. Sashe na 21 ya haramta wulaƙanta naira, da liƙi da ita, da sayar da ita, kuma hukuncin ya haɗa da ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000 ko duka biyun. Ajiye takarda a kundi ba laifi ba ne, amma cinikin takardar da har yanzu ake kashewa yana iya jefa mutum cikin matsala. Ya kamata a tuna cewa tsoffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 suna nan a matsayin halastaccen kuɗi bisa hukuncin Kotun Ƙoli na 2023.

Ta biyu ita ce dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Ta ɗauki abubuwan da aka tono daga ƙasa, da ayyukan hannu na gida da aka yi kafin 1918, ciki har da makamai da kayan sarauta da rubutun hannu, a matsayin kayan tarihi. Ba a saye ko sayar da su sai ta hannun wakilin da hukuma ta amince da shi, kuma ba a fitar da su ƙasar waje sai da izini.

Dalilin tsaurin a bayyane yake. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tsinta a 1928 a wurin haƙar kuza, sun sha wawaso. A shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sanya su cikin jerin kayan Afirka da ke fuskantar haɗarin sata, tare da na Sakkwato da Katsina da na Bura a Nijar. Idan aka tono abu a ɓoye, an lalata bayanin zurfin da yake da abin da ke kewaye da shi, kuma wannan bayani ba ya dawowa ko da an ƙwato kayan. Kowane mai saye da bai tambayi asali ba yana ƙara wa masu haƙa ƙarfin gwiwa.

Iyakar sha'awa da cuta

Likitocin ƙwaƙwalwa sun bambanta tari da jibge kaya. Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware cutar jibge kaya a matsayin lalura mai zaman kanta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin sabon kundin cututtukanta. Alamominta sun haɗa da kasa rabuwa da abu komai rashin amfaninsa, da cika ɗakuna har a rasa wurin kwana ko girki, da ƙuncin da ke shafar iyali. Mai tari yana alfahari da nuna kayansa, yana musanya su, ya san inda kowanne yake. Mai jibgewa yakan ji kunyar a shigo ɗakinsa. Haka nan duk sha'awar da ta fara cin kuɗin cefane ko na makarantar yara ta wuce gona da iri.

Yadda ake adanawa

Manyan abokan gabar takarda a wannan yanki su ne laimar damina, da ƙurar hunturu, da zafin rana, da gara. A ajiye kundi a tsaye, nesa da bango da ƙasa, a wurin da iska ke ratsawa. Ba a taɓa kan sarki da yatsa, da matsefata mai faffaɗan baki ake ɗaukarsa. Ba a manna shi da gam ko salatif, ba a kuma yi wa takardar kuɗi rufin leda mai zafi, domin hakan yana kashe darajarta gaba ɗaya. Tsohuwar ambulan a bar ta yadda take, kada a ɓanɓare kan sarkin, saboda hatimi da adireshi suna iya fin sa daraja. Tsabar kuɗi kuma ba a goge ta da toka ko lemon tsami. Duhun da shekaru suka sa mata yana cikin abin da masu saye ke dubawa, kuma gugar tana barin ƙarce da ba ya gyaruwa. A gefe ake riƙe ta.

Abu mafi muhimmanci shi ne rubutu. A rubuta ranar da aka samu kowane abu, da wurin, da hannun da ya fito, da kuɗin da aka biya. A ɗauki hotuna a adana. A kuma sanar da iyali abin da kayan suke da inda ake so su koma, domin tari da yawa sun ƙare a hannun 'yan gwangwan ko masu ƙosai mako guda bayan rasuwar mai su.

Daga ɗakin mutum zuwa taskar al'umma

Wanda ke son ganin inda irin wannan ƙoƙari ke kaiwa yana iya ziyartar gidan tarihin kuɗi na Babban Banki a Abuja, ko Gidan Makama a Kano, ko Gidan Arewa a Kaduna, ko Gidan Tarihi na Boubou Hama a Yamai. A Sakkwato, cibiyar tarihi ta jihar tana ɗauke da sunan Waziri Junaidu, wanda ya shafe rayuwarsa yana tattara rubuce-rubucen malaman Daular Usmaniyya, kuma masu bincike daga ƙasashe da dama sun dogara da taskarsa. Littattafan adabin kasuwar Kano, waɗanda aka raina a lokacin fitowarsu, sun tsira ne saboda wasu malaman jami'a irin su Abdalla Uba Adamu da Graham Furniss sun ga dacewar tara su.

Yau wasiƙa ta ja baya, tsabar kuɗi ta ɓace daga kasuwannin Najeriya, kaset ya zama labari. Abubuwan da ake zubarwa a bana su ne waɗanda za a nema a rasa nan da shekara hamsin. Mai son farawa ba ya buƙatar jari. Ya buɗe tsohuwar adakar gidansu, ya nemi izinin masu ita, ya zaɓi fanni guda, ya sayi littafin rubutu. Da yayyafi kogi kan cika.